Na sayi tsohuwar agwagwar katako ta maharba a Maryland: in sabunta mata fenti ko in bar ta?

Baƙon Baltimore ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambayata a kan wani abu ne da ba kowa ya saba da shi ba, amma na lura a cikinmu akwai waɗanda suka daɗe a Amurka, akwai kuma masu sha'awar kayan tarihi da aikin hannu, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Shekarata ta uku ke nan ina aiki a Baltimore, cikin jihar Maryland. Ranar Asabar da ta wuce na raka wani abokin aikina wani ƙaramin gari a gaɓar ruwan Chesapeake, inda wasu magada suka baje kayan mahaifinsu da ya rasu a ƙofar gida suna sayarwa. A cikin wani kwando, tare da igiyoyi da tsofaffin ƙugiyoyin kamun kifi, na tarar da wata agwagwa da aka sassaƙa da itace, da na ɗaga ta kuwa sai na ji ta fi ƙarfin yadda na zata wajen nauyi. Kanta ja ne mai duhu, ƙirjinta da wutsiyarta baƙaƙe, bayanta fari amma farin ya dafe ya koma ruwan toka. A ƙarƙashin cikinta an kafa wani dunƙulen darma da ƙusoshi, ta wajen ƙirji kuma akwai zoben ƙarfe da ya yi tsatsa. Wuyanta ya ɗan tsage, a gefenta na hagu kuma akwai ƙananan ramuka biyar ko shida kamar an caka mata tsinke. Dala 45 na biya.

A hanyarmu ta dawowa abokin nawa ya ce mini maharba ne suke jera irin waɗannan a kan ruwa, domin agwagin daji masu wucewa su ɗauka 'yan'uwansu ne suka sauka kiwo, su ma su sauko a harbe su. Ya ce akwai masu tara su, har akwai wadda aka taɓa sayarwa fiye da dala miliyan ɗaya, maganar da har yanzu ban gama gaskatawa ba.

Na riga na sayo samfefa da fenti kala uku da niyyar in goge ta in mayar da ita sabuwa, in cike tsagar wuyan da gam, amma hannuna ya ƙi kaiwa. Shin in yi, ko in dakata? Ta yaya ake gane tsohuwa ta gaske da wadda aka tsofar da gangan? Idan kuma mutum mai ƙaramin ƙarfi yana so ya fara tarawa, tsofaffin zai bi ko kuwa aikin masassaƙan da suke raye? Allah ya saka da alheri.

Dattijon Harford ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, ka mayar da fentin nan shagon da ka sayo shi, samfefar kuma kada ta kusanci agwagwar. Idan ka goge ta ka shafa mata sabon fenti ka yi gyaran gangar Abzinawa, domin a wurin masu tara waɗannan kaya fentin da mai aikin ya shafa da hannunsa shi ne abin da aka fi saye, kuma idan ya tafi babu mai dawo da shi. Da ciwon abin a raina nake faɗa maka. Ta farko da na saya, fiye da shekara ashirin da suka wuce, na wanke ta da sabulu da soso, na shafe ta da man ƙyalli irin na kujeru. Da na kai ta wurin wani baje koli, wani tsoho da ya ƙare rayuwarsa cikin wannan harka ya juya ta a hannunsa, ya nuna mini da farcensa inda soson ya cinye siraran layukan gashin fiffike da aka ja da ɗan ƙaramin buroshi, sannan ya miƙo mini ita bai ƙara cewa uffan ba. Tana nan wurina har yau.

Daga yadda ka siffanta ta, namijin agwagwar da mutanen nan suke kira kanbasbak ne, wadda ita ce sarauniyar agwagin Chesapeake. A ƙarshen arewa na wannan ruwa, inda kogin Susquehanna yake zubowa, akwai wani faffaɗan wuri marar zurfi da wata ciyawar ƙarƙashin ruwa take tsirowa, ita ce abincin wannan agwagwa, kuma ita ce take sa namanta daɗi. A ƙarni na 19 otal-otal na Baltimore da Philadelphia da New York suna sayenta da tsada, saboda haka harbinta ya zama sana'a da mutane suke ci da iyalinsu. Maharbi yakan kwanta rigingine a cikin wani akwati mai kama da makara, wanda ake nutsarwa har bakinsa ya yi daidai da fuskar ruwa, a kewaye shi da ɗaruruwan agwagin katako. Wannan ne dalilin da ya sa na yankin nan ba su da ƙawa mai yawa: tulinsu ake buƙata, ana jefa su cikin kwalekwale kan juna, suna kwana cikin ƙanƙara, don haka ake yin su da itace guda marar rami, a kafa musu darma don su zauna daidai a kan ruwa, a sa musu zoben da ake ɗaura igiyar da take riƙe su a ƙasa. Ramukan da ka gani a gefenta gurbin ƙwayoyin harsashi ne, shaida ce cewa ta shiga ruwa ta yi aiki, kuma masu tarawa ba su ɗauke su aibi ba.

Doka ce ta kashe waccan sana'a. A 1918 aka kafa dokar kare tsuntsaye masu ƙaura, wadda ta hana sayar da naman agwagin daji, a 1935 kuma aka haramta akwatin nutsewa, aka haramta ɗaure agwagwa mai rai a kan ruwa domin ta kira 'yan'uwanta. Farautar sha'awa ta ci gaba, masassaƙa suka ci gaba da aiki, har zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu da na roba suka shigo, marasa nauyi kuma masu araha. Daga nan mutane suka tura na katako cikin rumbuna, wasu ma aka hura wuta da su lokacin sanyi.

Yanzu ka ɗauko taka ka dubi inda wuya ya haɗu da jiki. Idan wuyan ya zauna kai tsaye a kan jiki, wutsiyar kuma ta ɗago sama daga bayan, salon garin Havre de Grace ne, da ke bakin kogin Susquehanna, wanda ake danganta tushensa ga John Holly. Idan kuwa an bar wani ɗan tudu a jiki wanda wuyan ya hau kansa, wutsiyar kuma ta fito falle daga tsakiyar jiki kamar bakin filafili, aikin ɗaya gaɓar ne, wato gundumar Cecil. Sunan da za ka fi ji a Havre de Grace shi ne Madison Mitchell, wanda ainihin sana'arsa shirya gawa da jana'iza ce, amma ya yi shekaru da dama yana fitar da agwagi dubun-dubata daga shagon da ke bayan gidansa kafin rasuwarsa a 1993, kuma masassaƙa da yawa na garin a hannunsa suka koya. Ka sani kuma cewa a shagonsa inji ne yake fitar da siffar jiki, kai ne ake gamawa da wuƙa da magagari, sannan a yi fenti da hannu, don haka kalmar aikin hannu tana da matakai a wannan harka.

Abu biyu zan ƙara. Na farko, idan ka ga haruffa da aka ƙona da ƙarfe a ƙarƙashinta, kada ka yi saurin cewa sunan mai sassaƙa ne, domin sau da yawa alamar mai ita ce, kamar yadda makiyayi yake yi wa shanunsa, saboda iska takan kwashe su ta haɗa da na wasu. Na biyu, maharba kan sabunta wa agwaginsu fenti kafin lokacin farauta, saboda haka mai yiwuwa taka tana da fenti hawa biyu ko uku. Wannan tsohon fentin aiki yana rage kuɗinta idan an kwatanta da na asali, amma yana cikin tarihinta, kuma ya fi naka na jiya daraja nesa ba kusa ba. Kada ka sa ran dukiya. Irin waɗannan suna da yawa, akasarinsu daga 'yan gomomin daloli zuwa 'yan ɗaruruwa ake sayar da su, amma a dala 45 ba a cuce ka ba. Akwai gidan tarihi na agwagin katako a Havre de Grace ɗin, wanda aka buɗe a 1986, bai kai tafiyar awa guda daga Baltimore ba. Ka je ka tsaya gaban na Mitchell da na iyalan Holly da hoton taka a hannu, gani ya kori ji.

Malamar Boston ta amsa:

Ƙanena, abin da Baba ya faɗa maka game da fenti babu ragi a ciki, har tsagar wuyan ma ka bar ta, domin gam ɗin da ake sayarwa a shago yakan shiga cikin itace ya hana gwani yin gyara na gaskiya daga baya. Busasshen buroshi mai laushi ya ishe ka share ƙura.

Abokinka kuma bai yi maka ƙarya ba. A watan Satumba na 2007 an sayar da agwagi biyu na masassaƙi Elmer Crowell, mutumin East Harwich a nan jihar Massachusetts, kowace a kan dala miliyan 1.13: ɗaya dinyar Kanada ce tana barci, ɗayar kuma namijin agwagwa mai tsinin wutsiya ne ya waiwaya yana gyaran gashinsa. A farkon 2007 ɗin, wata agwagwa mai bakin zarto da Lothrop Holmes ya sassaƙa ta kai dala 856,000 a gwanjo a New York. Abin bai fara da haka ba. Wani mai zanen gine-gine, Joel Barber, shi ne ya fara tsintarsu yana kallonsu da idon fasaha lokacin da kowa yake ganinsu tarkace, ya buga littafi a kansu a 1934, abin da ya tara kuma yana gidan tarihi na Shelburne a jihar Vermont. Da aka yi gwanjon kayan da William Mackey ya tara a 1973, wani sassaƙaƙƙen tsuntsun bakin teku mai lanƙwasasshen baki ya kai dala 10,500, mutane suka riƙe baki. A watan Janairu na 2000 kuwa kayan da likita James McCleery ya tara suka tashi a kan kusan dala miliyan 11. Abin da ake biya wa irin wannan kuɗi shi ne haɗuwar abubuwa da ba su cika haɗuwa ba: sanannen gwani, siffa mai wuyar samu, fentin asali da bai lalace ba, da kuma sarƙar hannuwan da ta bi tun daga mai aikin har zuwa mai sayarwa.

Inda kuɗi ya kai haka dole jabu ya biyo. Wanda ya fi yawa ba sabuwar agwagwa ce da aka tsofar ba, tsohuwa ce ta gaske da aka yi wa ƙari a ɓoye, ko an canza mata kai, ko an ƙara bakin da ya karye, ko an cike fentin da ya goge, ko kuma an buga mata hatimin wani gwani. Crowell yana da hatimi mai siffar ƙwai da yake ƙonawa a ƙarƙashin aikinsa, daga baya ya koma mai kusurwa huɗu, kuma hatimi ya fi hannun gwani sauƙin kwaikwayo, saboda haka aikin ake fara dubawa kafin hatimin. Tsohon fentin mai yakan yi 'yan tsage-tsage masu siriri kamar busasshen taɓo a fadama, gogewar gaskiya kuma takan faru ne inda hannu da igiya da gefen kwalekwale suke taɓawa, wato saman kai, bakin baki, gefen jiki da ƙarshen wutsiya. Idan ka ga gogewa a lungun da babu abin da zai taɓa, samfefa ce. Ka dubi ƙusoshi, domin tsatsar shekaru takan rina itacen da ke kewaye da su. Ka shinshina ta ma, sabon fenti ba ya ɓoye warinsa. Ka san fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita? Idan ka haska ta cikin duhu, wurin da aka taɓa daga baya yakan fito daban da sauran jiki. Masu sayen na manyan kuɗi har hoton ƙashi irin na asibiti suke sa a ɗauka, domin ya nuna ƙusoshin da ke ciki da inda aka yi ɗori. Kada ka sayi mai tsada daga hotuna uku a intanet, cinikin biri a sama ke nan. Manyan gidajen gwanjon wannan fanni, irin su Guyette & Deeter a Maryland da Copley a nan wajenmu, suna buga kundi mai bayanin yanayin kowace agwagwa, kuma tsofaffin kundayen nan makaranta ce mai araha. Sai dai ka riƙa lissafi da la'adar da ake ɗora wa mai saye, wadda takan kai wajen kashi 20 cikin 100.

Wajen ajiya, ka nisanta ta daga taga mai rana da na'urar ɗumama ɗaki. Idan wata rana za ka koma gida da ita, ka tuna itacen da ya saba da damshin teku yana iya tsagewa a hunturun Kano, ga kuma gara. Kada yara su yi wasa da ita, domin ban da darmar da ke cikinta, tsohon fenti ma yakan ƙunshi darma.

A tambayarka ta uku ne nake ganin zan saɓa wa masu son tsofaffi. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi samun aiki mai kyau da kuɗinsa a wurin masassaƙi mai rai, kuma babu shakkar wanda ya yi. Cikin Afrilu akan yi gasar duniya ta sassaƙar tsuntsaye a Ocean City, cikin jiharku, gasar da aka fara a 1971. A can za ka ga aikin ƙawa da ake yi da wani itace mai laushi na fadamun Louisiana, ana ƙona kowane gashi ɗaya bayan ɗaya da alƙalamin wuta har sai ka ji kamar ka hura shi ya motsa. Za ka kuma ga rukunin agwagin farauta, waɗanda alƙalai suke jefawa cikin ruwa a kife, duk wadda ba ta juyo da kanta ta zauna daidai ba an cire ta. Ka sayi irin wannan, ka sa mai ita ya rubuta sunansa da shekara a ƙarƙashi, ka ajiye rasit. Ina damuwa da batun suna ne saboda tarihin fannin ya nuna yadda yake ɓacewa: agwagin kogin Illinois da ake kira na Charles Perdew ko na Robert Elliston, matansu Edna da Catherine ne suka yi fentin da ake yabawa a mafi kyawunsu, amma an daɗe ana ambaton mazan kaɗai.

Ɗan Fadama ya amsa:

Gaisuwa ga Baba da Malama. Ni ban taɓa zuwa Amurka ba, daga Nguru nake rubutu, amma bayanin nan ya taɓa ni ta wuri biyu. Agwagwa mai tsinin wutsiya da Malama ta ce Crowell ya sassaƙa, jinsinta yana sauka a fadamun Haɗeja da Nguru duk lokacin sanyi, suna tasowa daga Turai da Asiya, su haɗu da kirinjijiya da dinya namu na gida, su koma kafin zafi ya yi tsanani. Na buɗe hoton aikin nasa na daɗe ina kallo, domin wannan waiwayen da take yi tana gyaran gashi na sha ganinsa da idona da sassafe.

Na biyu shi ne burtu. Kakana maharbi ne, kuma na tashi na tarar da burtunsa rataye a zaure: lanƙwasasshen itace da aka sassaƙa kamar dogon wuyan tsuntsun, aka lulluɓe shi da baƙar fata, aka sa masa bakin burtu na gaske, da madaurin da yake kama goshi. Yakan yafa baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya kusanci naman daji bai razana ba. Daga nan muka samu kalmar shigar burtu, wadda matasa da yawa suke faɗa ba su taɓa ganin abin ba. Dabarar ɗaya ce da ta maharban Chesapeake, bambancin kawai shi ne su suna aika itacen kan ruwa ya yi musu yaudarar, namu kuwa yana ɗaura shi a ka.

Abin da yake damuna shi ne, na ga hotunan burtu a shafukan dillalan kayan fasahar Afirka a Turai da Amurka, an rubuta Hausa ko Nupe, babu sunan gari, babu sunan masassaƙi, babu sunan maharbin da ya sa shi. Ga mutane can suna iya gane gaɓar kogin da aka yi agwagwa daga yadda wuyanta ya zauna, mu kuwa namu yana fita ba tare da tarihinsa ba, alhali tun 1979 akwai dokar da ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Na kuma taɓa ganin wani mai sayar wa baƙi kaya yana rataye sababbin burtu a saman murhu domin hayaƙi ya tsofar da su, ashe cutar da Malama ta bayyana ba ta da ƙasa.

Akwai kuma maganar da ya kamata a faɗa tunda mu Musulmi ne. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ko sura yana cikin Bukhari da Muslim, malaman Malikiyya kuma sun fi tsanantawa a kan cikakkiyar surar abu mai rai wadda take da inuwa. Kayan aikin farauta da abin da aka jera a falo don ado ba lallai hukuncinsu ya zama ɗaya ba, saboda haka ɗan'uwa ya kai wa malaminsa tambayar tun tana guda ɗaya, kafin su zama ashirin.

Dattijon Harford ya sake amsawa:

Malam Ɗan Fadama, Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da ya kamata in fara da shi. Ni nawa suna wani ɗaki ne daban a bayan gida, ba inda muke kwana ko salla ba, amma wannan abin da na zaɓa wa kaina ne, kowa ya tambayi malaminsa. Game da daɗewar dabarar kuma, mutanen asali na ƙasar nan ne suka fara ta, ba Turawa ba. A 1924 an tono agwagi goma sha ɗaya a kogon Lovelock da ke jihar Nevada, an ɗaure su da wata ciyawar ruwa mai kama da kacalla, wasu an lulluɓe su da gashin tsuntsu, shekarunsu sun kai wajen 2,000, kuma surar kanbasbak ce, irin ta ɗanmu na Baltimore.

Malama, ban ƙi maganarki ba, amma zuciyata tana wurin waɗanda suka shiga ruwa. Mai yin agwagwar aiki ba alƙalin gasa yake so ya burge ba, tsuntsu mai tashi a sama da tsoro a ransa yake so ya shawo, shi ya sa yake zubar da duk abin da ba dole ba ya bar siffa tsantsa. Wanda yake so ya ga inda hanyoyin biyu suka haɗu ya dubi Lem da Steve Ward, 'yan'uwa biyu masu aski a garin Crisfield, waɗanda gasar Ocean City take ɗauke da sunansu. Steve ya fi riƙe wuƙa, Lem ya fi riƙe buroshi. Sun yi wa maharba aiki shekaru da yawa, da roba ta karɓe kasuwa suka karkata ga na ado, har gwamnatin Amurka ta karrama Lem a 1983. Ka ajiye agwagwarsu ta 1936 kusa da ta ƙarshen rayuwarsu, ta biyun ta fi gashi da kyan gani, amma ni ta farkon nake komawa in kalla. Shawarata ga ɗana ita ce ya tsaya a kan yanki guda, tunda Allah ya ajiye shi kusa da Susquehanna, ya yi shekara yana ɗaga agwagi a hannunsa a wuraren baje koli kafin ya sake fitar da kuɗi masu nauyi.

Baƙon Baltimore ya dawo:

Baba, Malama, Malam Ɗan Fadama, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na mayar da fentin yau da rana. Da daddare na shimfiɗa tawul a kan tebur na kifa ta na haska da tocila. Babu tudu a ƙarƙashin wuyan, wutsiyar kuma ta ɗago sama, idanun fenti ne ba gilashi ba, saboda haka bisa bayanin Baba ta ɓangaren Havre de Grace ce. A gefen da farin ya ɓare na ga wani farin a ƙarƙashinsa mai ɗan ruwan ƙwai, ke nan an taɓa sabunta ta, amma tun da daɗewa, domin ramukan harsashin sun huda hawa biyun duka. Kusa da darmar akwai haruffa biyu da aka ƙona, waɗanda ban lura da su ba a da saboda datti ya cike su. Na kira lambar da magadan suka rubuta a takardar sanarwa, babbar 'yar marigayin ta ce haruffan sunan kakanta ne, kuma tana da hotonsa a cikin kwalekwale da agwagin jibge a gabansa, za ta aiko mini da kwafi. Zan rubuta duk abin da ta faɗa mini in ajiye tare da agwagwar.

Maganar hukunci zan kai wa limaminmu ranar Juma'a, a yanzu dai tana cikin kwali a ɗakin ajiya, nesa da yara. Baba, ranar Asabar mai zuwa zan shiga gidan tarihin da misalin ƙarfe goma na safe, idan da hali ina so in zo da ita ku riƙe ta da hannunku. Malama, na sa Afrilu a kalanda. Malam Ɗan Fadama, idan burtun kakanka yana nan, don Allah ka ɗauko mana hotonsa gaba da baya da wurin madaurin, ka kuma tambayi dattawan gidanku sunan wanda ya sassaƙa shi da irin itacen da ya yi amfani da shi.